Idan injin ƙaramin jirgi ya ɗauke a ƙafa 300 a sama da Zariya

Ƙananan jiragen da mutanen Palladan da Samaru suka saba jin ƙararsu tun da sassafe ba sa faɗowa don kawai inji ya mutu. Fiffike ne ke ɗauke da jirgi, aikin inji shi ne ya ja shi gaba. Jirgin Cessna 172 wanda injinsa ya ɗauke ɗif yana iya tafiyar kimanin ƙafa 9 a gaba kafin ya sauko ƙafa 1, muddin matuƙi ya riƙe gudun da ya dace. Wanda abin ya same shi a ƙafa 5,000 yana da minti shida ko fiye na neman fili, da gwada tayar da inji, da kiran hasumiya. Wanda kuwa injinsa ya ɗauke a ƙafa 300, bai jima da barin titin jirgi ba, abin da ke hannunsa bai kai rabin minti ba, kuma iyakar inda zai kai bai wuce mita 800 da 'yan kai ba. Hancin jirgi yana sama, gudu kaɗan ne, ƙasa tana kusa. A wannan ɗan tsakanin ake rasa rayuka, kuma sau da yawa hannun da ke kan sitiyari ne ke ƙarasa abin da inji ya fara.

Maganar ta shafi Zariya kai tsaye. Tun 1964 aka kafa kwalejin koyon tuƙin jirgin sama a garin, kuma aikin ɗalibi a watanninsa na farko shi ne tashi, zagaye, sauka, sake tashi. Kowane zagaye ɗaya yana da nasa mintin farko. An daɗe ana koyarwa da TB-9 Tampico da TB-20 Trinidad da Baron 58 masu shan fetur ɗin jirgi, daga baya aka kawo Diamond DA40 NG da DA42 NG masu injin dizal da ke shan Jet A-1, wato kananzir ɗin jirgi. Injuna iri biyu ke nan, kowanne da hanyar mutuwarsa. Zan yi amfani da lambobin Cessna 172S a nan saboda sun fi yaɗuwa, amma lambar da za ta ceci mutum ita ce wadda ke cikin littafin jirgin da yake zaune a ciki.

A lokacin hawa, 172S yana tafiya a kan not 74 (not shi ne ma'aunin gudun jirgi, mil ɗaya na teku a sa'a), hanci a ɗage. Da zarar farfela ta daina ja, jirgin bai san inji ya mutu ba, hancinsa yana nan inda yake, gudu ne kawai ke zubewa. Idan ya sauko zuwa kimanin not 50, iska ta daina bin bayan fiffike, ɗaukar nauyi ta gushe, abin da matuƙa ke kira sitol. Hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, tana lissafa cewa matuƙi na ɗaukar daƙiƙa 4 kafin ma ya yarda cewa abin da kunnensa ya ji gaskiya ne. Cikin daƙiƙun nan huɗu an riga an cinye wani babban kaso na tazarar da ke tsakanin 74 da 50. Saboda haka aikin farko, kafin rediyo, kafin taɓa kowane makunni, shi ne a tura sitiyari gaba. Turawa ta gaske, wadda mutum zai ji jikinsa ya yi sauƙi a kan kujera, gilashin gaba ya cika da ƙasa. Littafin 172S ya ce a nemi not 70 idan filaf (ɓangaren bayan fiffike da ake saukewa don jirgi ya iya tafiya a hankali) yana sama, 65 idan an sauke shi. Wannan turawar ta saɓa wa duk abin da zuciya ke so, domin ƙasa ce mutum ke tsoro kuma ita ake ce masa ya nufa. Shi ya sa malamai ke maimaita ta har sai hannu ya riga tunani.

Daga nan sai babbar jarabawa, wato komawa titin jirgi. Titin yana nan a baya, shimfiɗaɗɗe, motar kashe gobara tana gefe, jirgin kuma na kwaleji ne ko na maigida, mutum ba ya son ya farfasa shi a gonar wani. FAA ta yi lissafin abin da wannan komawar ke ci. A ce inji ya ɗauke a ƙafa 300, gudun jirgi not 65, matuƙi ya yi kwana irin ta yau da kullum, digiri 3 a daƙiƙa. Juyawa baya gaba ɗaya, digiri 180, za ta ɗauki minti guda. Faɗin kwanar zai ajiye jirgin ƙafa 4,200 a gefen titin, don haka sai an ƙara wasu digiri 45 kafin hanci ya dubi filin. Digiri 225 ke nan, daƙiƙa 75, a ƙara huɗun nan na ruɗewa. Idan jirgin yana saukowa ƙafa 1,000 a minti, ya ci ƙafa 1,316. Mutumin da ke da 300 kacal ana bin sa bashin sama da ƙafa dubu.

Matuƙin da ke cikin kwanar yana ganin lissafin ba zai fita ba, sai ya nemi ya matse ta, a nan ajali yake. Idan aka karkata jirgi digiri 45, nauyin da fiffike ke ɗauka yana ƙaruwa zuwa ninki 1.4, gudun sitol ya tashi da kashi 19 cikin ɗari. A digiri 60 nauyin ya ninka biyu, gudun sitol ya tashi da kashi 41. Jirgin da ke sitol a wajen not 50 a miƙe zai yi shi a wajen 60 a kwanar digiri 45, ya haura 70 a kwanar digiri 60. Gudun da 172S ya fi yin nisa da shi idan inji ya mutu shi ne 68. Ke nan allurar gudu tana kan lambar da aka koya wa mutum, amma fiffiken ya riga ya saki.

Akwai kuma wata hanyar da ta fi wannan kisa, domin mai tsoro take kamawa, ba mai ganganci ba. Ganin ƙasa kusa yana sa mutum ya ƙi karkata jirgi sosai, sai ya taka fedar jela don hanci ya juyo da sauri. Fiffiken waje ya ƙara gudu, na ciki ya rage, jirgin ya nemi ƙara karkata, matuƙi ya murza sitiyari ɗaya gefen don ya hana. Hanci ya sunkuya, ya ja baya. Ƙafa tana ciki, hannu yana waje, sitiyari an ja shi baya. Fiffiken ciki ne zai fara saki, jirgin ya kife ta wannan gefen ya shiga juyin katantanwa. Fita daga wannan juyin na cin ɗaruruwan ƙafa ko a hannun gwani. Masu bincike suna gane irin wannan haɗarin tun daga nesa: tarkacen yana wuri ɗaya, hanci a nutse a ƙasa, babu sawun ja a bayansa.

Ba a ce komawa ba ta taɓa yiwuwa ba. Wani malami a makarantar sojan ruwa ta Amurka, David Rogers, ya nuna a 1995 cewa kwanar da ta fi tsimin tsawo ita ce ta digiri 45 a gudun da ya ɗan ɗara na sitol kaɗan. Amma dubi abin da ake nema: a karkata jirgi digiri 45, a dab da sitol, kusa da ƙasa, cikin firgici, kuma a juya ta gefen da iska ke fitowa. Sannan ko an juyo lafiya, sai jirgin ya kasance ya yi hawa mai kyau tun farko, in ba haka ba titin ya yi nisa. A ganina ɗalibi ba shi da abin yi da wannan. Wanda ya ƙware ma, sai ya gwada shi a ƙafa 3,000 ko fiye tare da malami, ya ƙirga daƙiƙa huɗu kafin ya motsa, ya ga nawa ya ci, ya ƙara rabi a kai, ya mai da wannan lambar ta zama iyakarsa. Idan makaranta ta sa nata tsawon, nata ake bi.

Ƙasa da wannan tsawon, a sauka gaba, cikin digiri 30 dama ko hagu da hanci. Dalilin yana cikin lissafin ƙarfin bugu, wanda ke ninkuwa huɗu idan gudu ya ninka biyu. Jikin ƙaramin jirgi da bel ɗinsa an gina su su jure tsayawa mai ƙarfin ninki 9 na nauyi ta gaba, kuma a gudun mil 50 a sa'a wannan tsayawar tana bukatar ƙafa 9 da rabi kawai, a mil 100 kuwa ƙafa 37 da rabi. Wato ba titin jirgi ake nema ba, ɗan wurin da jirgi zai ja jiki ya tsaya a hankali ake nema. Iska ma tana da nata kason. An tashi ana fuskantar iskar not 10, idan aka sauka gaba a kan not 50, gudun da ke ƙasa 40 ne. Idan aka juyo baya ya zama 60. Ƙarfin bugun ya ninka fiye da sau biyu kafin a taɓa komai.

Abin da ke gaban hanci a Zariya ya danganta da wata. Gari ya matso filin, inda ake noma a da yanzu gidaje ne da turakun wutar lantarki da dogayen ƙarafan sadarwa, don haka taswirar da mutum ya haddace shekara biyar da suka wuce ba ta da amfani. Gonakinmu kuma na kunya ne. Jirgin da ya sauka yana bin tsawon kunya zai yi tsalle-tsalle ya tsaya, wanda ya yanka ta a gicciye ƙafar gaba za ta karye ya dungura. Da damina dawa da masara masu tsawo suna rage gudu da kyau, ana ɗaukar saman ganyen a matsayin ƙasa a ajiye jirgi a kai a mafi ƙarancin gudu. Fadama tana da kyan gani daga sama saboda kore ce shar kuma a baje take, amma taɓo yana kama tayoyi ya kifar da jirgi. Da rani ƙasa ta bushe ta yi tauri, abin tsoro sai suri da kwazazzabo da ramukan masu bulo, waɗanda ba a gani sai an zo kansu. Titin mota yana jan ido, amma wayar wuta ba a ganinta daga sama, sai dai a nemi turakunta, ga manyan motoci ga 'yan acaɓa. Idan bishiyoyi ne kawai suka rage, a saka hanci tsakanin biyu, fikafikai su sha bugun. Duk wannan ba a cikin daƙiƙa 20 ake tsara shi ba. Ana duba shi ne a kowane tashi na lafiya, ana cewa a zuci: da yanzu ne, can zan nufa.

Idan an zaɓi wuri, sauran aikin na hana gobara ne, kuma idan lokaci ya ishe shi kawai. A 172S: jan maɓallin cakuɗa mai da iska a ja shi baya gaba ɗaya, a rufe bawul ɗin mai, a kashe maganeto (abin da ke ba fulogi wuta), a sauke filaf, sannan a kashe babban makunnin wuta. Filaf kafin makunni, domin da lantarki yake aiki, wanda ya kashe wuta da wuri zai sauka da gudun da ya fi bukata. A buɗe sakatar ƙofa kafin a taɓa ƙasa, saboda jikin jirgi idan ya lanƙwashe ƙofa tana cijewa. Rediyo shi ne na ƙarshe. Mai hasumiya yana kallo, kuma ba shi da abin da zai miƙo maka.

Duk abin da aka faɗa zuwa nan na injin da ya mutu murus ne, kuma shi ne mai sauƙin. Hukumar binciken haɗurra ta Ostireliya ta duba rahotannin 2000 zuwa 2010 na jirage masu inji ɗaya. Ta samu sau 242 da inji ya rage ƙarfi bayan tashi ba tare da ya mutu ba, tara daga ciki an rasa rayuka. Ta samu sau 75 da inji ya mutu gaba ɗaya, kuma babu ko ɗaya da aka rasa rai. Injin da ya yi shiru ya yanke wa matuƙi shawara. Wanda ke tari, ya kama, ya saki, yana ba da juyi 1,900 a minti maimakon 2,400, shi ke sa rai. Mutum yana riƙe hanci sama don kada ya rasa tsawo, gudu yana zubewa a hankali ba ya lura, ya fara lallaɓa kwana zuwa filin, injin ya ƙarasa mutuwa a tsakiyar kwanar. Ƙa'idar da na fi yarda da ita ita ce a ɗauki injin da ya fara tari a matsayin wanda zai mutu yanzu. A sauke hanci a riƙe gudu tukuna. Idan a wannan gudun jirgin ba ya iya riƙe tsawonsa, to saukar dole ce, a yi amfani da ɗan ƙarfin da ya rage a kai wuri mai kyau, a rufe totur idan an tabbatar za a kai. Idan yana iya riƙewa ko hawa, a ci gaba da neman tsawo, kwana ta zama marar zurfi, ido na kan allurar gudu, kuma kowane lokaci akwai filin da za a faɗa idan ya yi shiru. A nan ne hannu zai iya zagayawa da sauri: famfon mai na lantarki, ɗaya tankin, tura jan maɓallin cakuɗa mai gaba, zafin kafireta (maɓallin da ke tura iska mai zafi cikin kafireta), maganeto.

Shi kuwa injin, da wuya ya mutu ba dalili, kuma yawancin dalilan ana iya kama su a ƙasa. Mai ne kan gaba. Ruwa ya fi fetur ɗin jirgi nauyi, litar fetur ɗin ba ta wuce gram 720 ba, don haka ruwan yana kwanciya a gindin tanki. A ƙasa jirgi yana zaune daidai, inji na iya tashi lafiya. Da an ɗaga hanci sai ruwan ya gangaro bakin bututu. Hanyar shigarsa a nan sananniya ce: zafin rani yana busar da robar murfin tanki ta tsattsage, ruwan farko na damina ya bi ta nan. Durom ɗin mai da aka bari a tsaye a waje ma haka, ruwa ya taru a samansa, rana ta dumama shi, dare ya sanyaya, ya zuƙo ruwan ta bakin murfi. Durom a kwance ake ajiye shi. Cessna 172S yana da wuraren tsiyayar mai 13, biyar a kowane fiffike, uku a ƙarƙashin ciki, kuma kowanne akwai dalilin sa shi. A tsiyaya a kofin gwaji a ɗaga shi a haske. Fetur ɗin jirgi na 100LL shuɗi ne, ruwa yana zama a ƙasa kamar ƙwallo. Idan kofin ya fito fari tas ba layi, kada a yi murna, yana iya zama ruwa ne zalla, a shinshina. Bayan an sha mai a ɗan jira kafin a tsiyaya, ruwan da ya gauraya bai riga ya kwanta ba.

Filin da ke da jirage masu shan fetur da masu shan Jet A-1 a wuri ɗaya yana da wani haɗarin na daban. Idan aka zuba Jet A-1 a jirgin fetur, injin zai tashi, ya wuce gwaji, saboda yana shan tsohon man da ke cikin bututu. Gaurayen yana isowa ne daidai lokacin da aka buɗe totur gaba ɗaya, mai ya riƙa fashewa maimakon ƙonewa, zafi ya haura, fistin ya ƙone. Shahararren matuƙin Amurka Bob Hoover ya rasa injuna biyu na jirginsa Shrike Commander jim kaɗan bayan tashi a San Diyego saboda wannan kuskuren, ya ajiye jirgin a gaba kowa ya fita da rai, kuma daga nan aka faɗaɗa bakin tiyon Jet A-1 don kada ya shiga tankin fetur. Amma jarka da mazurari ba su san wannan dabarar ba. Gaurayen na iya fitowa da ɗan shuɗinsa, don haka a ɗiga a farar takarda: fetur zai bushe ba tabo, kananzir zai bar maiƙo. Fetur ɗin gidan mai kuwa, duk tsadar na jirgi, ba ya shiga tanki sai jirgin yana da takardar amincewa, domin yana saurin zama tururi a bututu da zafi, kuma ba a san abin da aka gauraya masa ba.

Wani lokacin man yana nan, mai kyau ne, hanyarsa ce a rufe. Ɗan man da ke cikin kafireta da bututu ya isa ya kai jirgi bakin titi, har ya ɗaga shi sama, ko da makunnin tanki yana kan wanda ba komai ko ya tsaya tsakanin biyu. Saboda haka ana zaɓen tanki kafin gwajin inji, ba a sake taɓa shi sai an yi tsawo. Jirgin da fiffikensa ke ƙasa irin TB-9 mai ba ya gangarowa da kansa, dole famfon lantarki ya kasance a kunne lokacin tashi, don idan na inji ya gaza. Allurar mai ba abin dogaro ba ce, a buɗe murfi a auna da sanda. Sai zanzaro. Wannan ƙwaron yana son ƙaramin rami, kuma bututun numfashin tanki daidai bakinsa ne. Idan ya toshe shi da laka, mai yana fita iska ba ta shiga, bayan 'yan mintuna man ya daina gudu. Jirgin da ya yi kwanaki a ajiye, a durƙusa a leƙa bututun nan da tocila.

Ƙanƙarar kafireta ita ce wadda ɗalibai a ƙasar zafi ke raina wa. A maƙogwaron kafireta iska tana matsewa, fetur yana zama tururi, zafin wurin na iya faɗuwa da digiri 30 ko fiye. An fi samunta idan zafin gari bai kai digiri 21 ba kuma laima ta haura kashi 80, amma tana iya kamawa har a digiri 38 da laimar kashi 50. Safiyar Agusta a Zariya bayan ruwan dare, ciyawa jiƙe, ita ce ainihin yanayin. Ƙanƙarar tana taruwa ne lokacin da jirgi ke jira a bakin titi da ƙaramin totur. Idan jiran ya yi tsawo, a ja zafin kafireta na ɗan lokaci kafin a hau titi, a mayar da shi sanyi don tashi. Idan ta kama a sama, jan zafin zai fara sa injin ya ƙara tari saboda yana haɗiyar ruwan da ya narke. Mutane da yawa a nan suke tsorata su mayar. A bar shi.

Gwajin maganeto a 172S ana yinsa a juyi 1,800 a minti. Kowanne kada ya rage fiye da 150, bambancin su biyun kada ya wuce 50. Idan ɗaya ya yi gargada, sau da yawa dalmar da ke cikin 100LL ce ta toshe fulogi, a ƙara juyi a rage mai na ɗan lokaci ta ƙone. In ba ta gyaru ba a koma. Idan kuma bai rage ko kaɗan ba, wannan ma cuta ce, wayar kashe maganeton ta tsinke. Da hunturu ƙura tana cika matatar iska fiye da yadda jadawalin masana'anta ya zata, a riƙa duba ta kafin lokacinta.

Sai hannun makaniki, wanda ba a son faɗa. Tashin farko bayan gyara ya fi kowanne bukatar shiri, domin noti ɗaya na bututun mai da aka ɗaura da hannu aka manta ba a matse ba yana iya jure gwajin ƙasa ya kwance da girgizar cikakken totur. A watan Maris na 2015 ɗan wasan Amurka Harrison Ford ya rasa inji bayan tashi daga Santa Monika a tsohon jirgi Ryan PT-22, ya juyo bai kai titi ba, ya faɗa filin wasan golf ya ji rauni sosai. Masu bincike sun samu cewa babban jet ɗin kafireta ne ya kwance daga mazauninsa, mai ya yi wa injin yawa.

Masu injin dizal irin DA40 NG ba su da kafireta, ba maganeto, ba jan maɓalli. Kwamfuta biyu ke tafiyar da injin, kuma kwamfuta ba ta aiki sai da wuta. A 2007 wani DA42 ya tashi a Speyer ta ƙasar Jamus da batir da ya mutu, bayan an tayar da injunan duka biyu da wutar waje. Da aka naɗe tayoyi, wutar ta faɗi na ɗan ƙiftawa, kwamfutocin suka ɗauke, injuna biyu suka mutu tare. Bayan haka aka wajabta ƙarin batir na ko-ta-kwana. Ga mai tuƙa irin waɗannan, raunin batir da gwajin kwamfuta kafin tashi suna matsayin da maganeto yake ga na fetur. A mai inji biyu kuma, mutuwar ɗaya tana cinye kusan kashi 80 na ƙarfin hawa, ba rabi ba, kuma idan gudu ya faɗi ƙasa da jan layin da ke kan allura, injin da ke raye ne zai kifar da jirgin. A dab da ƙasa, sau da yawa rufe totur biyun a sauka gaba shi ne daidai.

Akwai ranar da inji lafiyarsa ƙalau amma ba shi da ƙarfi. Filin Zariya yana kusan ƙafa 2,200 sama da teku. Da tsakar ranar Afrilu a digiri 38, iskar ta yi sirantar da ake samu a kusan ƙafa 5,500. Injin da ba shi da turbo (na'urar da ke cusa masa ƙarin iska) yana rasa kimanin kashi 3 cikin ɗari a kowace ƙafa 1,000, ke nan kusan kashi 16 sun tafi tun kafin a saki birki. Jirgin zai daɗe a titi, ya hau a kasalance, wanda bai yi lissafi ba ya ja hanci yana neman abin da babu. Littafin Cessna ya ce sama da ƙafa 3,000 a rage mai a cikakken totur har a samu juyi mafi yawa kafin tashi. Kuma a irin wannan ranar jirgin yana kai kowane tsawo ne a wuri mai nisa da filin, don haka komawa ta ƙara zama mafarki.

Kafin a hau titi ana faɗin shirin da baki, ko mutum shi kaɗai ne: idan wani abu ya faru kafin tashi, rufe totur, birki. Bayan tashi da sauran titi, sauka a kai. Ƙasa da tsawo kaza, hanci ƙasa, gaba, fili kaza ta dama. Idan mutum biyu ne, a faɗi wanda zai karɓi jirgin. Da an buɗe totur a dubi juyi, a 172S ya kamata ya kasance tsakanin 2,300 da 2,400 a farkon gudu, allurar baƙin mai tana kore. A sa wata alama a rabin titi, idan ba a kai kashi 70 na gudun tashi a wurin ba, a fasa. A tashi daga farkon titi, ba daga mahaɗar tsakiya ba don saurin minti biyu. Hannu ya zauna a kan totur har ƙafa 1,000, domin idan abin matse shi ya saki, girgiza tana ja da shi baya a hankali, a yi ta neman cuta a inji alhali maɓalli ne ya zame.

Injin da ya yi tari sau ɗaya ya warware shi ma a rubuta shi a littafin jirgi, kuma a rubuta yadda injiniya zai iya aiki da shi. “Inji ya yi gargada” ba ta kai shi ko'ina. A sa tsawon da abin ya faru, juyi nawa ya faɗi kuma na daƙiƙa nawa, wane tanki ake sha, famfon lantarki a kunne yake ko a kashe, zafin gari nawa, an sha mai kafin tashin ko a'a kuma daga wace mota ko durom. Idan daga durom ne, a killace shi, a tsiyayi duk jirgin da ya sha daga cikinsa a ranar kafin wani ya sake tashi.